Doka Ta Ce A Duba Ka, Tagar Kuɗi Ta Ce Kawo Rasit

Akwai doka a Najeriya da ta haramta wa kowane asibiti, na gwamnati ne ko na kuɗi, ya ƙi duba mutumin da aka kawo rai a hannun Allah, ko da wane irin dalili. Sashe na 20 ne na Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a ƙarshen 2014, bayan ta yi kusan shekara goma tana kai-kawo tsakanin majalisa da fadar shugaban ƙasa. Har hukunci aka rubuta wa wanda ya saɓa: tarar naira dubu 100, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko a haɗa masa duka biyun.

To, wanda ya yarda da ita ya ɗauki wannan sashe ya je ɗakin haihuwa da ƙarfe biyun dare ya karanta da ƙarfi, ya ji amsar da za a ba shi. "Malam, je ka yanko kati." "Ina mijinta? A nemo jini leda biyu." "Ga takarda nan, Baba, a je kemis a siyo safar hannu da ruwa da allura da zaren ɗinki." Mace na kwance tana jijjiga, ko jini ya ɓalle mata, miji na tsaye a baranda yana kiran duk lambar da ke wayarsa yana neman rance, wani ma babur ɗinsa zai bari jingina. Kafin kuɗi su haɗu, gari ya waye. Wani lokacin an yi dace. Wani lokacin a naɗo ta a zane a sa a mota, a ce kwana ne ya ƙare.

Kwana kam na Allah ne, babu mai ja. Amma safar hannu ta gwamnati ce.

Daga nan sai a dawo gida a yi ta tsine wa nas. Ba na wanke malaman asibiti gaba ɗaya. Akwai masu baƙar magana a cikinsu, akwai wadda za ta daka wa mai naƙuda tsawa kamar baiwarta. Sai dai ba nas ce ta rubuta dokar da ta ce a yi aiki kyauta aka kuma hana ta kayan aikin ba. Maganin da ke shagon asibiti na jujjuyawa ne: a sayar, a sake sarowa da kuɗin. In ta bayar ba a biya ba, gobe shagon ya ƙone ƙurmus, ita za a titsiye a ce ina lissafi. Waɗanda suka tsara dokar sun san da haka sarai, shi ya sa a sashe na 11 suka kafa asusu na musamman domin kula da lafiya a matakin farko. Suka ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Rabin asusun na inshorar talakawa ne, kashi 45 na ƙananan asibitoci, wato magani da gyaran gini da ma'aikata, sauran kashi biyar kuma na taimakon gaggawa.

Kashi biyar na kashi ɗaya. Mai lissafi ya lissafa: cikin kowace naira 2,000 ta kuɗin shigar gwamnatin tarayya, naira ɗaya tak aka ware wa duk mai haɗarin mota da mai zubar jini da wanda maciji ya sara a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Da wannan naira ɗayan ake yi wa likita barazanar ɗaurin wata shida.

Ita ma naira ɗayan ba a bayar ba. An sa wa doka hannu a 2014, kasafin 2015 ya wuce babu ko sisi, na 2016 haka, na 2017 haka. Sai a kasafin 2018 majalisa ta cusa naira biliyan 55, kuɗin kuma ba su fara isa jihohi ba sai 2019. Gwamnati ta yi shekaru tana take dokar da ita ta kafa, ba a ci tarar minista ba, ba a ɗaure babban sakatare ko na yini guda ba. Hukuncin sashe na 20 na ƙananan ma'aikata ne. Wanda ya riƙe kuɗin kuwa, dokar ba ta tanadar masa komai ba.

Da kuɗin suka fara fita, asibiti ɗaya aka zaɓa a kowace mazaɓa, wato dubu takwas da ɗoriya cikin ƙananan asibitoci kusan dubu 30. Abin da ya riƙa shiga asusun kowannensu, shekaru da dama, bai wuce naira dubu 300 da 'yan kai a duk wata uku ba. Dubu ɗari a wata ke nan, a ciki za a sayi magani, a gyara rufin da ke yoyo, a sayo ruwa a kura, a sallami mai gadi. A 2023 kuma 'yan majalisar tarayya suka sayo wa kansu manyan motoci, jaridu suka ruwaito cewa kowace ɗaya ta kai kimanin naira miliyan 160. Kuɗin mota guda ya isa a riƙe asibitin mazaɓa ɗaya, a kan wancan ma'auni, sama da shekara 130. Sanatoci 109 ne, 'yan majalisar wakilai 360. Ranku ya daɗe, ku da kuka ce hanyoyin mazaɓunku ne ba su da kyau shi ya sa kuke buƙatar irin wannan mota: a kan hanyar nan da kuke tsoron ta lalata muku taya ake ɗauko mai naƙuda a amalanke.

Wani zai ce a kai gwamnati kotu mana. Ai an toshe wannan ƙofar tun kafin a zo nan. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a sashe na 17 hukuma ta tabbatar akwai isassun asibitoci ga kowa. Magana mai daɗi. Amma an ajiye ta a babi na biyu, sashe na 6 kuma ya ce kotu ba ta da hurumin tilasta wa gwamnati cika abin da ke cikin wannan babin. Alkawari ne da aka rubuta tare da takardar izinin saɓa shi. An yi wa kundin nan gyara ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har shekarun tsayawa takara an rage a 2018, amma ba a ga ranar da kashi biyu cikin uku na majalisa suka taru don talaka ya samu damar kai ƙarar wanda ya bar asibitinsa babu ungozoma ba. Sannan aka ɗora babban nauyin ƙananan asibitoci a kan ƙaramar hukuma, wadda kowa ya san kuɗinta a hannun gwamna suke kwana. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Aiwatarwa kuwa, sai jan ƙafa.

Kada a manta a Abuja aka zauna a 2001, zamanin Obasanjo, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 na kasafinsu. Sunan babban birninmu ne a kan takardar. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba, galibi tsakanin kashi huɗu zuwa shida take lilo. Giɓin da ya rage daga aljihun majinyaci yake fita: sama da kashi 70 na duk abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan kuɗin akuya ne da buhun gero da adashen mata. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna mata kimanin dubu 82 suka mutu a Najeriya a dalilin ciki da haihuwa a shekarar, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Sama da mata 200 ke nan kullum, kuma mun san a wane ɓangaren ƙasar aka fi haƙa kaburburan.

Kalmar da ta fi ba ni haushi a bakin gwamna ita ce "kyauta". Haihuwa kyauta, awo kyauta, maganin yara kyauta. A yi biki, a yanka kyalle, a sa a rediyo. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu ɗanɗana wannan. A 2005 da 2006, zamanin Tandja Mamadou, gwamnati ta ce tiyatar haihuwa da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, asibiti ya yi aiki ya aiko da takardar bashi a biya shi. Iyaye mata suka yi tururuwa, alamar da ma kuɗi ne ke hana su zuwa, ba jahilcin da ake yawan jingina musu ba. Amma biyan bashin ya riƙa ɗaukar watanni, har shekaru, kuɗi suka taru biliyoyin sefa, shagunan magani suka bushe. Uwa ta zo da ɗanta an ce mata kyauta ne, a miƙa mata takarda a ce ta je ta saya a waje. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga matan da ba su da hali. Ina fata ta ɗore. Amma ba sanarwar za a duba ba. A duba ko ana biyan asibitin da ya yi tiyatar kafin zarensa ya ƙare.

Inshora ma haka. A Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa inshorar lafiya, aka ce za a kafa asusun da zai ɗauki nauyin talakawa miliyan 83. Tsohon tsarin da aka ƙaddamar a 2005 ya yi shekara goma sha bakwai bai wuce ɗan tsirarun mutane ba, mafi yawansu ma'aikatan gwamnatin tarayya. An wajabta, to. Manomin Gwadabawa da mai tallar fura a Gumel, wa ya je ya yi musu rajista, wa zai riƙa biya musu?

Abin da ya fi yi wa marasa lafiya illa a 'yan shekarun nan ma ba daga ma'aikatar lafiya ya fito ba. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, cikin Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Mafi yawan magungunanmu da sinadaran haɗa su daga waje ake shigo da su, da dala. A watan Agusta kamfanin magunguna na GSK ya ce ya daina harkarsa kai tsaye a Najeriya. Mai asma da mai ciwon suga da mai hawan jini su suka biya kuɗin wannan shawara, ba a kuma tambaye su ba. Sai aka koma raba ƙwaya biyu, ana sha yau a tsallake gobe. Sai bayan shekara guda aka fito da umarnin cire harajin shigo da kayan haɗa magani. Likitoci kuwa suna ta tattara komatsansu zuwa Ingila da Saudiyya, dabarar da wani ɗan majalisa ya kawo a 2023 ita ce a hana su cikakken lasisi sai sun yi shekara biyar a gida. Albashi da kayan aiki da tsaro ba su zo masa a rai ba, sai mari.

Mari kuwa mun san shi. A Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Aka yi ta Allah wadai da iyayen da suka kai 'ya'yansu. Ina za su kai su? A lokacin, dokar da ke kula da masu taɓin hankali ta Turawan mulkin mallaka ce, ta 1958, ba a maye gurbinta ba sai farkon 2023. Dokar masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi hanyar keken guragu. Wa'adin ya cika a 2024, har yau ana ciccibar mutum a kan matakala a asibitin gwamnati. Tsoho mai shanyewar ɓarin jiki, yaro mai sikila, mace mai yoyon fitsari: duk tsarin hukuma a kansu shi ne akwai wata 'ya ko mata ko ƙanwa da za ta bar sana'arta ta shimfiɗa tabarma a barandar asibiti, ta yi wanki, ta kwashe fo, ta kwana a zaune. Gwamnati ta ɗauki zumuncinmu ta mayar da shi ma'aikatar da ba ta da kasafi.

Saura sashe ɗaya a waccan doka ta 2014, na 46. Ya ce ba za a fitar da jami'in gwamnati waje neman magani da kuɗin jama'a ba, sai in lalura ta kai maƙura, kwamitin likitoci ya ba da shawara, minista ko kwamishina ya amince. Shekara uku bayan haka, a 2017, Shugaba Buhari ya yi sama da kwana 100 a jere yana jinya a Landan. A Oktoban shekarar matarsa Aisha Buhari ta fito fili ta ce asibitin fadar shugaban ƙasa ko sirinji babu, na'urar hoton ƙashi ma ba ta aiki. A can Landan ɗin Allah ya karɓi ransa a Yulin 2025, Allah ya jiƙansa. Ba shi kaɗai ba ne, kuma ba a kansa aka daina ba. Matuƙar mai raba kasafi yana da biza a aljihu, asibitin mazaɓa ba zai taɓa zama damuwarsa ba.

Dokar ta ce sai da amincewar minista ko kwamishina, ke nan akwai takardu, akwai sa hannu, akwai adadin kuɗi. Ministan lafiya da kwamishinonin jihohi 36 su buga mana jerin jami'an da aka fitar waje da kuɗinmu daga 2014 zuwa yau, da abin da aka kashe wa kowanne. Ba mu nemi sanin ciwon kowa ba. Suna da kuɗi kawai. A liƙa a jikin tagar yankar kati.