Wa ya ce ba ka da kan karatu?

Duk zangon da aka kafe sakamako, sai ka ji wani ya ce, "Ni fa ba ni da kan lissafi, haka aka halicce ni." Daga nan sai ya daina shiga lakca, wani ma ya tattara ya bar makarantar. Ni dai ban yarda da wannan magana ba, kuma ina da hujja.

Farfesa Eleanor Maguire, wadda ta yi aiki a University College London har rasuwarta a 2025, ta shafe shekaru tana binciken yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe hanya. A 2000 ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobin tasi na Landan, waɗanda sai sun haddace tituna kusan 25,000 kafin a ba su lasisi. Ta gano ɓangaren baya na hifokamfas, wato sashen da ke adana taswira, ya fi na sauran mutane girma. Wani zai ce ai da haka aka haife su. To, ta bi masu koyon aikin su 79 har shekara uku zuwa huɗu. Da farko duk ɗaya suke. Amma 39 da suka ci jarrabawar, sashen nan nasu ya ƙaru. Sauran kuwa babu canji. Kuma fa duk manya ne, ba yara ba.

Mu a Zazzau ina abin mamaki? Ɗan acaɓan da zai ɗauke ka daga Ƙofar Doka ya ratsa lunguna ya sauke ka Ƙofar Gayan, da taswira aka haife shi? Alaramman da ya haddace izu 60, a dare ɗaya ya yi? Allo ne, rubutu, wankewa, da tilawa kullum.

Matsalarmu ba kai ba ce, 'yan'uwa, tsari ne. Sai ana gobe jarrabawa mu kwana a aji da goro da Nescafe, alhali lokacin barci ne ƙwaƙwalwa ke ƙara kafa abin da aka koya.

Shawarata: kwas ɗin da ya fi ba ka tsoro, ba shi rabin awa kullum. Rufe littafi ka tambayi kanka, ka duba inda ka kuskure, sannan ka je ka yi barci. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.