Kashin Jini a Kaji: Tafarnuwa da Zogale Suna da Iyakarsu



Da damina ta kankama a Kano, musamman watan Agusta, kukan masu kiwon bayan gida a Babban Giji da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni iri ɗaya ne: kaji sun takure, fukafukai sun zube, ga jini a kashi. Nan take wani zai ce ka daka tafarnuwa da citta, wani ya ce ganyen darbejiya, wani kuma furobayotik. Ni dai a ganina, duk wanda ya ga jini ya tsaya jiƙa ganye, da jarinsa yake wasa.

Wannan cuta ita ce kokisidiyosis. Wata ƙwaya ce mai suna Eimeria, ƙwanta yana fita a cikin kashin kaza. In ya samu shimfiɗa mai danshi da ɗumi, kwana 1 zuwa 2 ya nuna. Kaza ta tsattsage shi, ya shiga bangon hanjinta yana hayayyafa yana fasa shi. Jinin da kake gani daga nan yake. Ta fi kama kaji 'yan sati 3 zuwa 6, daidai lokacin da buroila ta fara cin kuɗinka sosai. Wadda ta tsira ma za ta yi ta ci ba ta nauyi, ga shi abinci ne ke lashe kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin kiwo.

To mene ne aikin furobayotik? Ƙwayoyi ne masu amfani irin su Lactobacillus, dangin waɗanda ke cikin kindirmo. Suna cika hanji su hana mugayen ƙwayoyi wurin zama, musamman Clostridium da ke bin sawun kokisidiyosis ya ruɓar da hanjin da ya ji rauni. Sun ƙara karɓuwa ne bayan Tarayyar Turai ta hana zuba antibayotik a abincin dabbobi don saurin girma a 2006. Zogale kuma yana ƙara furotin da bitamin. Duk taimako ne, amma ba sa tsayar da cutar da ta riga ta ɓarke. Jiƙon gida kuwa ba shi da ma'auni, in ya yi ɗaci kaji su ƙi shan ruwa.

Ga yadda ya kamata a jera su. Farko, shimfiɗa: dusar katako ko ɓuntun shinkafa ta zama busasshiya, ka kwashe inda ya jiƙe a gindin mazubin ruwa, kar ka cunkusa kaji a ɗan ɗaki. Ka ga jini, ka kai wa likitan dabbobi kazar ya duba, don tsutsar ciki da Gumboro kowanne hanyarsa daban. In ya rubuta Amprolium, ka cika kwanakin da ya ce, kuma kar ka haɗa shi da bitamin B, domin ta hanyar hana ƙwayar bitamin B1 yake kashe ta. Bayan an gama magani, sai furobayotik ya shigo ya gyara hanji. Kar a zuba shi a ruwa ɗaya da antibayotik, kashe shi zai yi.

Kuma don Allah a jira kwanakin da aka rubuta a jikin magani su cika kafin a sayar ko a yanka. 'Yan uwanmu ne za su ci naman.

Allah ya sa albarka a kiwonmu.