KADA GARIN NEMAN GIRA A RASA IDO

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, kuma ba mu ja da wannan ba. Amma akwai rigakafin da ya kamata a auna shi tukuna kafin a miƙa masa ido, wato haska leza a idon mutumin da tsufa ya fara taɓa masa tsakiyar gani.

A can bayan ido akwai tantanin da ke karɓar haske, a tsakiyarsa kuwa akwai ɗan wurin da likitoci ke kira makula. Da shi ne ɗalibi ke karatu, akawu ke duba lissafi, kaka ke gane fuskar jikanta. Idan mutum ya haura shekara 50, wasu ɗigo-ɗigo masu launin rawaya kan fara taruwa a ƙarƙashin wurin. Da fari ba a jin kome, amma ga wasu abin kan ci gaba har tsakiyar gani ta dushe, sai gefe kaɗai ya rage.

Tun cikin shekarun 1970 likitoci suka lura cewa idan aka haska leza a tantanin, ɗigon kan ɓace. Nan aka fara murna, ana zaton cutar ta tafi ke nan. Amma a 2006 wani babban gwaji a Amurka ya kawo sakamakonsa: an yi wa mutum 1,052 leza a ido ɗaya aka bar ɗayan, bayan shekara biyar kuwa raunin gani ya zo daidai a idanun biyu. An share alamar cutar, ita cutar tana nan daram.

Daga baya aka ƙero wata leza mai walƙiya ta ɗan ƙanƙanin lokaci, wadda ba ta ƙona tantanin kamar ta da. Farfesa Robyn Guymer ta birnin Melbon a Ostareliya ita ta jagoranci gwada ta a kan mutum 292 har shekara uku, aka bayyana sakamakon a 2018. Da aka haɗa kowa da kowa, lezar ba ta rage saurin cutar ba. Da aka rarraba su ne aka ga alamar amfani ga kimanin kashi uku cikin huɗu, amma ga sauran, masu wani irin ɗigo na dabam, sai aka ga alamar cutar ta ƙara sauri. Masu binciken da bakinsu suka ce sai an sake gwaji kafin a yanke hukunci.

To, tun da masu abin ba su yanke ba, a ganinmu bai kamata kowa ya kwashi kuɗin fanshonsa ya biya wannan aiki da sunan tabbataccen rigakafi ba. Duk wanda aka yi wa tayinsa, a gida ko a waje, ya tambayi likita hujja, ya kuma nemi sanin irin ɗigon da ke idonsa.

Abin da aka tabbatar kuwa ba shi da tsada haka. Na farko a bar shan taba, domin ita ce babbar mai rura cutar cikin abubuwan da mutum ke da iko a kansu. Na biyu, wani bincike a Amurka ya nuna a 2001 cewa haɗin bitamin da sinadarin zinki kan rage haɗarin tsanantar cutar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu ga waɗanda ta kai matsakaicin mataki. Na uku, dattijo ya riƙa rufe ido ɗaya yana duban dogaran ƙofa. In ya ga miƙaƙƙen layi ya karkace, ya garzaya asibiti, domin akwai allurar da ke tsayar da nau'in cutar mai tsiyayar ruwa in an zo da wuri.

Ga ma'aikatan da ke tsara sayen kayan asibiti kuwa, muna tunatar da su binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007, wanda ya nuna yanar ido ce ke jawo kashi 43 cikin ɗari na makanta, hawan jinin ido na biye da ita. Yanar ido aikin ɗan lokaci ke cire ta. Can ya kamata kuɗin jama'a su fara zuwa, leza kuwa ta jira hujjarta.