Kafin a Ɗora Hoton Yaro

A Mahuta da kewayenta, haɗarin intanet ga yara bai tsaya ga finafinan banza ba. Uba ya sayar da masara, ya ɗora hoton ɗansa a Facebook cikin kayan makaranta, bajo na nuna sunanta ƙuru-ƙuru. Ya ba masu kai wa 'yan bindiga rahoto abin da suke nema a ɓagas. Wasu za su ce a raba gida da waya kawai. Ai an ɗanɗana hakan a 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Funtua da Malumfashi: kasuwanci ya ji jiki, mai neman ɗauki ya rasa wanda zai kira. Gara hoton ya tsaya a zauren dangi na WhatsApp, ba sunan makaranta, ba na unguwa.