Hanyar Tsibiri zuwa Maraɗi: Direban babbar mota ya taka birki, kada ya kauce wa akuya

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Ƙonni da Madawa da Gidan Rumji, tana ratsa Tsibirin Gobir kafin ta kai Maraɗi ta wuce Damagaram. Daga Maraɗi kuma wata ta yi kudu ta wajen Jiratawa da Ɗan Isa zuwa iyakar Jibiya. Tireloli da gingimarai na bin waɗannan hanyoyi dare da rana, a yankin da kusan kowane gida ke da abin kiwo. Da yamma, idan dabbobi na dawowa daga daji, dole su tsallake kwalta kafin su shiga gari. A nan ne direba ke yanke hukunci cikin ƙiftawar ido, sau da yawa da mutane zaune a saman kayansa.

Maganar ba ta da daɗin ji, amma dole a faɗe ta: idan akuya ko tunkiya ta faɗo gaban motar da ke ɗauke da kaya, direba ya riƙe sitiyari cak, ya taka birki a kan layinsa, ko da zai buge ta. Murɗa sitiyari da sauri shi ne ke kifar da babbar mota. Nauyinta yana sama, musamman idan an jibga buhuna har sun wuce bodi, kuma da zarar taya ta sauka daga kwalta ta shiga yashin gefe, sai yadda hali ya yi. A ɗaya hannun kuma ga motar fasinja tana tahowa, ga 'yan kabu-kabu, ga amalanken jaki. Akuya tana da farashi a kasuwa, ana iya biya. Yaron da ke binta da sanda fa?

Lissafin mai sauƙi ne. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, wato kafin ƙafar direba ta isa birki ya riga ya shafe wannan tazara ko fiye. Kuma idan aka rage gudu da rabi, nisan da birki ke buƙata yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya sauko zuwa 40 a tsawon kilomita 2 na ratsa gari bai yi asarar da ta wuce minti ɗaya da rabi ba. Lodin wuce kima yana ƙara dagula lissafin. Tun 2005 ƙungiyar UEMOA ta fitar da doka mai lamba 14 da ta ƙayyade nauyin manyan motoci, sai dai duk mai tsayawa bakin hanya yana ganin yadda ake binta.

Tsofaffin direbobi sun san halin kowace dabba, kuma ilimi ne da ya kamata ya kai ga yaran mota tun kafin su riƙe sitiyari. Tumaki na bin juna, idan ɗaya ta tsallaka sauran na tafe. Akuyar da ta riga ta haye tana iya juyowa saboda ɗanta da ya rage a baya. Jaki yakan tsaya ƙyam a tsakiyar hanya, oda ba ta dame shi ba. Shanu da daddare hasken fitila ke dallare su, don haka rage hasken da tafiya a hankali ya fi danna oda, wadda ke iya tarwatsa garke ya bazu ko'ina. Raƙumi da sa kuwa ba abin bugewa ba ne ko ga tirela, maganinsu a hango su daga nesa. Ganin makiyayi a gefen hanya, ko ƙura ta tashi dab da magariba, ya isa ya sa a ɗaga ƙafa daga totur.

Ba a ce dabbar ba ta da daraja ba. Jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, ita ce asusun mata da yawa a karkara: kuɗin magani, kayan ɗakin 'ya, abin sayarwa idan rumbu ya ƙare kafin kaka. Saboda haka direban da ya buge dabba ya ƙara wuta ya yi zalunci. Wasu na cewa tsoron taron jama'a ke hana su tsayawa, kuma tsoron yana da tushe. To ya zarce zuwa shingen jandarma mafi kusa ya kai rahoto da bakinsa, mai motar ko kamfanin inshora ya biya. Jama'ar gari su ma su sani cewa duk direban da aka yi wa duka a yau, goma ne za su gudu gobe.

Nauyin bai tsaya kan direba kaɗai ba. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun amince da burtali a matsayin hanyar dabbobi, an kuma san wuraren da burtalin ke haɗuwa da kwalta. Aikin hukumomin garuruwan Tsibiri da Jiratawa da hukumar kiyaye haɗura ta ANISER ne su kafa alluna masu ƙyalli a waɗannan mahaɗai, su tabbatar kowane amalanke na da abin da ke haskawa a bayansa, su kuma zauna da fadar Sarkin Gobir da shugabannin makiyaya kan daina barin ƙananan yara su kaɗai su tsallakar da garke. Lokacin da ya fi dacewa a gama wannan aiki shi ne kafin ranar da hukuma ke sanar da sakin gonaki bayan girbi, domin daga ranar ne garkunan da suka yi damina a arewa ke kwararowa kudu.