Wasiƙa ga wanzaman Batsari da Safana: a yi hattara da ƙasan harshe

Ya ku Sarakunan Aska da duk mai rataya zabira, daga Ruma har Runka. Magana ɗaya ce ta sa na rubuto muku: askarku ta daina nutsewa a ƙasan harshe da bayan haƙoran gaba na ƙasa, ko yankan linzamin jariri ne, ko ɓanɓaro haƙorin da ya ƙi fita.

Wurin nan yana da yaudara. In an taɓa haɓa, ƙashi ake ji mai tauri, sai a ɗauka ba abin tsoro. Alhali ta hanyoyi uku jini ke shiga ƙashin. Akwai jijiyar da ke bi ta cikin muƙamuƙi tun daga baya, ta wuce ƙarƙashin turame ta kai haƙoran gaba. Reshenta na fitowa ta wata 'yar kafa a ƙarƙashin haƙoran da ke tsakanin fiƙa da turame, tare da jijiyar da ke sa leɓen ƙasa ya ji taɓi. In an yanke jijiyar taɓin, leɓe kan mutu, wani lokaci har abada. Sauran biyun sun fi haɗari. Ɗaya ta taso daga jijiyar harshe ta bi ƙasan baki, ɗaya ta biyo ƙarƙashin haɓa, rassansu kuma na kutsawa cikin ƙashin ta ƙananan kafofi a tsakiyarsa, ta ɓangaren harshe. Sirara ne, kaurinsu kamar milimita 1 zuwa 2, amma daga babbar jijiyar wuya suke sha. In an tsinke ɗaya, takan janye cikin nama inda yatsa ba ya kaiwa. Jinin ba lallai ya zubo waje ba. Taruwa yake yi a ƙasan baki, wurin ya kumbura ya yi baƙi, harshe ya ɗaga ya koma baya, ya toshe hanyar numfashi. Hakan kan faru nan take, ko bayan sa'o'i.

Na san za ku ce kaka da kakanni haka aka yi, ba a ga gawa a tabarmar wanzami ba. Gaskiya ne, da wuya a gan ta a nan, domin kumburin na iya tasowa da dare, bayan an sallame ku, sai a ce kwana ne ya ƙare ko iska ce. Ga jariri kuwa abin ya fi tsanani: duk jinin mai nauyin kilo 3 bai wuce kimanin mililita 250 ba, wato rabin ledar ruwan sha, kuma a makon farko jininsa ba ya saurin daskarewa.

Wani zai ce asibiti da nisa, hanyoyin gefen dajin Rugu kuma ba a bin su da dare. Ai wannan hujja tawa ce, ba tasa ba. Wanda ya san ba zai iya kai mutum Dutsin-Ma ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina cikin dare ba, bai kamata ya fara yankan da ba shi da ikon tsayar da jininsa ba. Linzami da yawa ma ba sa bukatar yanka, muddin jariri na kama nono da kyau.

In tsautsayi ya auku, ku zaunar da mutum ya ɗan sunkuya gaba, kada ya kwanta rigingine. Ku sa tsumma mai tsabta a ƙasan harshe ku danna da yatsa, babban yatsa kuma na dannawa daga ƙarƙashin haɓa, a kama hanyar asibiti ba tare da an saki ba. Yawu na dalala, murya ta canza, haɗiya ta gagara: ba lokacin jiƙo ko tofi ba ne. Sarakunan Aska, a yi wa Allah a tara yaranku a faɗa musu wannan kafin su riƙe aska su kaɗai.