Shekara Nawa Za Mu Yi A Kurmi Kafin Mu Shuka Fure?

 Yau ba maganar kasuwa ko siyasa na zo da ita ba, maganar fure ce. Na san wani zai yi dariya, ya ce ana ta kai wa ke ta kaya. To a dai yi haƙuri a karanta.

Duk wanda ya zaga unguwanninmu, daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Sabon Badun zuwa Ama Hausa ta Owerri, zai lura da abu guda: da wuya ka ga ƙofar gidan da aka ajiye tukunyar shuka. Ka tsallaka layi ɗaya zuwa gidan maƙwabcinka Bayarabe, sai ka tarar da shuwaka ko ɗanyen ganyen miya a tsohon bokiti, wani lokaci har da fure. Mu kuwa buta da benci da tabarma, shi ke nan. In ka tambaya sai a ce ai zaman ci-rani muke yi. Alhali tun 1916 aka kafa Sabon Badun. Akwai dattijon da a nan aka haifi kakansa, amma har yau yana zaune kamar mai jiran motar Kano ta cika.

Ban ce tsoron ba shi da tushe ba. Wanda ya ga abin da ya faru a Shagamu a 1999, ko Idi-Araba a 2002, ko kasuwar Shasha a 2021, ba za ka zarge shi ba idan ya ƙi binne dukiyarsa a ƙasar da yake ganin ana iya tashinsa dare ɗaya. Ga kuma masu gidan haya da ba su yarda ka soka ko tsinke a ƙasa ba. Amma dai wannan hujja ce ta ƙin dasa mangwaro. Ba ta hau kan shukar da za ta zauna a bokitin fenti ba, wadda in tashi ya kama za ka ɗora ta a kan kaya ku tafi tare.

Abin da nake ba da shawara shi ne wardi, amma ba kowane iri ba. Mu Hausawa da an ce wardi sai hankalinmu ya tafi kan turaren da alhazai ke kawowa. Wancan furen a Ɗa'ifa ake nomansa, a kan duwatsu masu sanyi, kuma sau ɗaya yake fure a shekara. A zafi da laimar Ikko wahala kawai zai ba ka. Haka nan dogayen nan masu fure ɗaya ƙato da ake sayarwa a daure, irin waɗanda ake nomawa a Jos da ƙasar Kenya, su ma sanyin tudu ne ke riƙe su. Wanda ya dace da mu shi ne gajere mai yin kurmi, wanda tsayinsa ba ya wuce gwiwa zuwa ƙugu, mai fitar da ƙananan furanni a dunƙule. Turawa suna da irinsu da yawa. Akwai The Fairy da aka fitar a Ingila a 1932, akwai Knock Out da wani Ba'amurke mai suna William Radler ya samar, aka fara sayar da shi a 2000, wanda ya yi suna saboda jure cutar ganye. Akwai kuma tsofaffin irin ƙasar Sin, waɗanda ba sa buƙatar sanyi kafin su yi fure. Sai dai a sani, yawancin waɗannan ƙamshinsu kaɗan ne. Mai neman turare ya je wajen mai turare.

Masu sayar da fure a bakin titi ba kasafai suke sanin waɗannan sunaye ba, don haka kada ka ɓata lokaci kana tambaya. Ka je wajensu a tsakiyar damina, wajen watan Yuli, ka ce a nuna maka uwar da aka yanko dashen daga jikinta. In ka ga ta sha ruwan Ikko kuma ganyenta na nan kore shar, to ita ce. In ka ga sanduna tsirara da fure ɗaya a sama, ka wuce. Kuma a yi hattara, akwai wata mai kumburarren gindi da da Turanci suke kiranta wardin hamada. Wannan ƙariya ce da muka baro a Arewa, ba ta da dangantaka da wardi, kuma ruwan jikinta guba ne, bai kamata a ajiye ta inda yara ke wasa ba.

Babban abokin gabar wardi a Kudu ruwa ne, kuma a nan ne ɗan Arewa ke yin kuskure, domin mu mun taso da sanin cewa ƙishi ke kashe shuka. Ruwan da ake yi a Ikko ya kusa ninka na Kano, na Fatakwal ya fi haka. Idan ganyen wardi ya daɗe a jiƙe na wasu sa'o'i, wata cuta ke kama shi, sai ka ga baƙaƙen ɗigo, ganyen ya yi rawaya ya zube. Idan kuma saiwar ta zauna cikin ruwa, ruɓewa take yi. Saboda haka bokitin fenti mai lita 20, ko jarkar man gyaɗa da aka yanke bakinta, a huhhuda gindinsa sosai, a ɗora shi a kan bulo biyu don ruwa ya samu hanyar fita. Kada a sa faranti a ƙasa, gidan sauro ne. Ƙasa kuwa a haɗa baƙar ƙasa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, taki kashi ɗaya.

Maganar taki ma abin dariya ce. Mu ne fa ke da kara da turken raguna a duk garuruwan nan. Kashin tumakin da muke biyan yara su kwashe bayan Babbar Sallah, shi wasu ke saye a buhu. Sharaɗi ɗaya ne, a bar shi ya ruɓe ya huce tukuna, ɗanye yana ƙona saiwa.

Rana ita ce abin da ba a yin ciniki a kansa. Wardi na son hasken rana kamar awa shida, kuma ta safe ta fi, domin tana busar da raɓa daga ganye da wuri. A gidajen nan namu masu ɗakuna suna kallon juna, tsakar gida ba ta samun haka. A duba gefen da ke fuskantar gabas, ko baranda, ko saman soro in mai gida ya yarda. Kada a matse shi a lungu, yana son iska ta ratsa shi. Ban ruwa da safe, a gindi, ban da watsa wa ganye. A damina sai ka yi kwanaki ba ka ba shi ba. Ka soka yatsa a ƙasar, in da laima ka ƙyale shi. Lokacin hunturu da bazara kuwa kullum ne, kuma ruwan alwala da ba sabulu a cikinsa ya wadatar.

Idan fure ya bushe a yanke shi daga saman ganye na farko mai 'ya'ya biyar, nan sabon reshe zai fito. Ganyen da ya kamu da ɗigo a cire a zubar can nesa, kada a bar shi cikin bokitin. Ƙananan ƙwari masu tsotsar toho kuma, jiƙaƙƙen ganyen darbejiya da ɗan sabulu kaɗan yana rage su. Tun da a nan babu sanyin da zai sa shi barci, ba a yi masa aski ƙwal irin na Turai. A riƙa rage masa kaɗan-kaɗan, a cire matattun rassa. Reshen da ka yanke mai kaurin fensir da tsawon taƙi guda, ka soka a yashi mai laima a inuwa, cikin wata ɗaya zuwa biyu yakan yi saiwa. Ka ga ke nan mutum ɗaya in ya saya, layi guda ya samu.

Wani zai ce me ya sa ba tumatir ko alayyafo ba, abin da za a ci? Ban hana ba, a shuka. Amma kayan miya mu ke kawo su Mile 12 tirela-tirela, ba su ne muka rasa ba. Abin da yaran da muka haifa a nan suka rasa shi ne su ga iyayensu sun ajiye wani abu a ƙofar gida don kawai ya yi kyau, suna kula da shi shekara da shekaru. Yaron da ya tashi yana jin kullum ana cewa nan ba gida ba ne, kuma Arewar da ake kira gida sai ya yi shekara uku bai taka ta ba, ina ake so ya sa kansa?

Saura gargaɗi guda. Akuya ba ta tsoron ƙayar wardi, toho da fure duk cinyewa take yi, haka ragon layya da aka ɗaure kusa. A ɗaga bokitin sama ko a kewaye shi da waya. Wanda yake da niyya ya nemi dashensa wajen ƙarshen damina, Oktoba zuwa Nuwamba, don ya kama ƙasa ba tare da ruwa ya dame shi ba.